Ɗora Moto A Injin Zarto Ƙirar Gida: Inda Jarin Kafinta Ke Tsira Ko Ya Salwanta

Tun daga shekarar 1986, lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP tare da buɗe kasuwar canjin kuɗi ta biyu a watan Satumba na wannan shekara, sayen injunan sana'a daga ƙasashen waje ya zama babban nauyi a kan ƙananan masu masana'antu a Nijeriya. Naira wadda a farkon shekarun 1980 ta fi dalar Amurka daraja, ta yi ta faɗuwa, har ya zamana a cikin shekarar 2024 sai da mutum ya ba da fiye da naira 1,500 kafin ya sami dala guda. Wannan hali shi ne ya sa kafintoci da masu tsaga katako da yawa suka koma ga masu walda da maƙeran zamani na cikin gida, domin a ƙera masu injunan da a da sai an yi odarsu daga Ingila ko Italiya ko Jamus.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan injuna shi ne injin zarto mai ɗamara, watau wanda zartonsa siririn ƙarfe ne mai haƙora da aka haɗe bakinsa biyu ya zama kamar ɗamara, yana zagaya wili biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ana samun masu buƙatarsa a duk inda ake hada-hadar katako, kamar Bodija a Badun, da kasuwar katako ta bakin gada a Anacha, da Dei-Dei a Abuja, da Katako a Jos, da Na'ibawa a Kano. Ƙera gangar jikin injin ba ya gagarar ƙwararren mai walda. Inda aka fi samun matsala shi ne wajen zaɓen moto, watau injin lantarkin da ke juya wilin, da kuma yadda za a ɗora shi. Moto yana cikin sassa mafi tsada a injin, kuma shi ne sashen da kuskure kaɗan kan ƙone shi ƙurmus.

Abin Da Ya Sa Injin Ke Da Riba

Wannan inji ba sabon abu ba ne. Wani Baturen Ingila mai suna William Newberry shi ne ya yi rajistar fasaharsa a shekarar 1809, amma bai karɓu ba a lokacin sabili da mahaɗin zarton yakan tsinke. Sai a shekarar 1846 wata Bafaranshiya, Anne Paulin Crepin, ta fito da hanyar haɗa bakin zarton yadda zai jure lanƙwasa, kuma wani kamfani a birnin Paris ya sayi fasahar ya shiga ƙera injin don sayarwa. Daga nan ne ya bazu a masana'antun katako na duniya.

Amfaninsa ga ɗan kasuwa yana cikin siririn yankansa. Zarto mai ɗamara na ƙaramar ma'aikata yakan ci kamar milimita ɗaya da rabi na katako a kowane yanka, alhali kuwa zarto mai faifai yakan ci milimita uku ko fiye. Idan aka ɗauki katako mai kaurin inci huɗu, watau kimanin milimita 100, ana so a tsaga shi zuwa falankai masu kaurin milimita 12, zarto mai ɗamara zai fitar da guda bakwai, amma zarto mai faifai da ke cin milimita uku da rabi guda shida kawai zai bayar, sauran ya tafi a dusa. Falanki ɗaya a cikin kowane bakwai ba ƙaramin kuɗi ba ne ga wanda ke aiki da itace mai tsada irin loko da maɗaci da kawo, balle madobiya wadda aka sanya cinikinta tsakanin ƙasashe ƙarƙashin ƙa'idojin yarjejeniyar CITES tun shekarar 2017 saboda yawan sarewa. Bugu da ƙari, injin yana yanka lanƙwasa da zagaye, irin wanda ake buƙata wajen ƙafafun kujeru da kawunan gadaje, abin da zarto mai faifai ba ya iyawa.

Karanta Allon Moto Kafin Biyan Kuɗi

Yawancin motocin da ake ɗorawa a injunan ƙirar gida na hannu ne, waɗanda aka cire daga tsofaffin injuna ko aka shigo da su daga waje, ana kuma samunsu a kasuwanni irin su Owode Onirin a Ikko, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. Kowane moto na kirki yana da ɗan allon ƙarfe a jikinsa mai ɗauke da bayaninsa, kuma duk wanda ya sayi moto ba tare da ya karanta wannan allo ba, to ya sayi kaya a cikin buhu.

Abu na farko shi ne ƙarfin wuta. Wutar da ake rabawa a Nijeriya bolt 230 ce a layi ɗaya, kimanin bolt 400 kuma a layi uku, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Moton da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa yawanci na bolt 115 ne ko 120, mai kaɗawa sau 60. Idan aka jona irin wannan kai tsaye, nan take zai ƙone. Akwai waɗanda aka yi su da mahaɗi biyu, 115 da 230, waɗanda mai gyaran lantarki zai iya sauya wayoyinsu, amma ko su ma za su yi gudu ƙasa da abin da aka rubuta da kashi ɗaya cikin shida, kuma za su fi saurin ɗaukar zafi. Haka nan, moto mai layi uku ba zai tashi a shagon da ke da layi ɗaya ba sai an ƙara masa wata na'ura, wadda sau da yawa kuɗinta kan kai na moton kansa.

Abu na biyu shi ne gudu. A wutar ƙasar nan, motocin da aka fi samu iri biyu ne: mai juyawa kimanin sau 1,440 a minti, da mai juyawa kimanin sau 2,850. Na farkon shi ne ya dace da injin zarto. Na biyun, wanda aka fi samu a jikin famfunan ruwa, yana da araha, amma rage gudunsa na buƙatar babban fuli da ba koyaushe yake samun wurin zama a jikin injin ba. Motocin da ake cirewa daga injin goge ƙarfe na hannu kuwa suna zarce juyi dubu goma a minti, ba a kuma yi su don aikin yini ba, saboda haka ba su da gurbi a wannan aiki.

Abu na uku shi ne ƙarfin doki, wanda kowane ɗaya daidai yake da wat 746. Injin da wilinsa ke da faɗin inci 14, wanda aikinsa yankan lanƙwasa ne a katako marar kauri, doki ɗaya ya ishe shi. Wanda za a riƙa tsaga katako mai kauri da shi kuwa, musamman itace mai tauri irin ƙirya da doka, yana buƙatar doki ɗaya da rabi zuwa biyu. Sayen moton da ya zarce buƙata ɓarnar kuɗi ce, domin zai ci wuta, zai kuma tilasta wa mai shi neman babban janareto. Sayen wanda bai kai ba kuwa ya fi muni, sabili da zai riƙa shaƙewa a tsakiyar yanka har wayarsa ta ƙone.

Abu na huɗu shi ne gidan moton. Akwai mai buɗaɗɗun tagogi da iska ke ratsawa ta cikinsa, akwai kuma rufaffe wanda fanka ke hura bayansa. A wurin da dusar katako ke tashi dare da rana, rufaffen shi ne zaɓi, domin buɗaɗɗen yakan zuƙi dusa ta taru a kan waya da makunnin tashi na ciki, ta hana shi shan iska, wani lokaci ma ta kama wuta.

Lissafin Fuli

Zarton da ke yankan katako yana son gudun da ya kai kimanin ƙafa 3,000 a minti, watau wajen mita 900. Wannan adadi shi ne ginshiƙin duk lissafin, kuma daga gare shi ake gano girman fulin da za a sa a moto da wanda za a sa a sandar wilin ƙasa.

Hanyar lissafin mai sauƙi ce. A ɗauki injin da wilinsa ke da faɗin inci 16. Kewayen wannan wili ya ɗan haura inci 50, watau ƙafa huɗu da 'yan kai. Idan aka sa fuli mai inci uku a jikin moto mai juyi 1,440, aka sa mai inci shida a sandar wili, gudun zai ragu da rabi, wilin zai juya sau 720 a minti, zarton kuma zai yi tafiyar kimanin ƙafa 3,000. Idan kuwa wilin mai inci 14 ne, kewayensa inci 44 ne, kuma fuli mai inci uku da mai inci biyar za su ba shi juyi 864, watau kusan ƙafa 3,170 a minti, wanda shi ma daidai ne.

Hatsarin yana bayyana ne idan aka bar waɗannan fulin yadda suke aka musanya moton da mai juyi 2,850. A wili mai inci 14, zarton zai zarce ƙafa 6,200 a minti, ninki biyu na abin da ake buƙata. A irin wannan gudu haƙoran zarto kan yi zafi su dakushe da wuri, katako kan ƙone a bakin yanka, robar da aka naɗa a wili kan ɓalle, kuma wilin da ba a daidaita nauyinsa sosai ba, balle wanda aka yi da katako, yana iya tarwatsewa a gaban ma'aikaci. Wannan dalili ne kuma ya sa ba a haɗa wili kai tsaye da sandar moto, sai fa idan faɗinsa bai wuce inci takwas ba.

Masu ƙera injuna sun san cewa bel mai faɗin rabin inci, wanda shi aka fi amfani da shi a irin wannan aiki, ba ya son fulin da ya gaza inci uku, domin lanƙwasar kan yi masa tsanani ya tsattsage, kuma ba ya samun isasshen wurin kamawa. Saboda haka idan ana son rage gudu, ƙara girman fulin wili ake yi maimakon ƙanƙanta na moto.

Wanda ke da niyyar yankan ƙarfe da injinsa kuwa, lissafinsa dabam ne ƙwarai. Ƙarfe yana son gudun da bai wuce ƙafa 100 zuwa 300 a minti ba. Don samun ƙafa 100 a wili mai inci 14, sai wilin ya juya sau 27 kacal a minti, watau a rage gudun moto fiye da sau hamsin, abin da fuli biyu ba za su iya ba sai an haɗa da akwatin giya ko ƙarin sanda mai nata fulin.

Mazaunin Moto

Bayan an kammala lissafi sai batun inda moton zai zauna. Moto mai doki ɗaya da rabi yakan kai kilo goma sha biyar ko fiye, don haka wuri mafi dacewa gare shi shi ne ƙasa, a bayan wilin ƙasa ko a cikin akwatin da injin ke tsaye a kai. Nauyinsa a nan yana ƙara wa injin tsayuwa, alhali kuwa idan aka rataye shi a sama ko can gefe, injin kan yi rinjaye ya riƙa rawa. Sai dai ƙarƙashin tebur nan ne dusa ke zuba, don haka ya kamata a sa shamaki na kwano ko falanki tsakanin moton da mazubar dusa, a kuma bar tazara a bayan fankarsa domin ta sami iska.

Hanyoyi biyu ne aka fi bi wajen ɗora shi. Ta farko ita ce a yi faranti na ƙarfe mai kaurin kamar milimita shida, a fasa masa dogayen ramuka huɗu, yadda moton zai iya matsawa gaba ko baya kafin a ɗaure notinansa. Akan ƙara wata doguwar ƙusa mai zare a gefe wadda ke tura moton a hankali idan an murɗa ta, domin a ja bel ba tare da an sa ƙarfe ana ɓanɓara ba. Ta biyu ita ce a ɗora farantin a kan hinji mai ƙarfi, yadda nauyin moton da kansa zai ja bel ɗin. Wannan ta fi sauƙi wajen canjin bel, amma tana da illa idan aka bar ta haka: moton kan riƙa tsalle duk lokacin da zarto ya shiga katako mai tauri, bel ya yi ta kamawa yana saki. Maganin wannan shi ne a sa ƙusa mai noti biyu a ɗaya gefen farantin, wadda za ta riƙe shi a inda aka daidaita.

Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne walda ƙafafun moto kai tsaye a jikin inji. Zafin walda yana iya lahanta wayar ciki, kuma ranar da bel ya saki ko moton ya buƙaci gyara, sai an yanka ƙarfe kafin a cire shi. Idan kuma gangar injin ta katako ce, kamar yadda wasu kafintoci ke yi wa kansu, ƙusoshin da ake murɗawa cikin itace ba sa jure girgiza. Abin da ya dace shi ne ƙusa mai noti da za ta ratsa katakon ta fita ɗaya gefen, da faffaɗan washa a kowane ɓangare, a kuma riƙa ƙara ɗaurewa lokaci-lokaci, musamman a farkon hunturu lokacin da itace ke bushewa yana tsukewa.

Daidaita fulin biyu shi ne aikin da ke biye. Dole ne sandar moto da sandar wili su kasance a jere ba tare da ɗaya ta karkace ba, kuma ramin fulin biyu ya fuskanci juna. Ana gane haka ta hanyar ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko jan zare a fuskar fulin biyu. Idan kaurin bakinsu ɗaya ne, ya kamata ya taɓa kowanne a wuri biyu. Fulin da bai daidaita ba yana cin gefen bel, yana kuma tura boris gefe har ya lalace. Har ila yau, ya kamata a tura fulin kusa da jikin moto maimakon barinsa a ƙarshen sanda, a kuma tabbata an sa ɗan makullin ƙarfen da ke shiga tsagin sanda, domin fulin da aka riƙe da ƙusa ɗaya kawai yakan kwance ya cinye sandar.

Game da jan bel kuwa, ƙa'idar masu ƙera shi ita ce ya lotsa kashi ɗaya cikin 64 na inci a kan kowane inci na tazarar da ke tsakanin fulin biyu idan an danna tsakiyarsa da matsakaicin ƙarfi. Watau idan tazarar inci 16 ce, lotsawar rubu'in inci ce. Bel mai sako-sako yana zamewa, ya yi ƙara, ya yi zafi. Wanda aka ja fiye da kima kuma yana kashe boris na moto da na wili. Sabon bel yakan miƙe a kwanakin farko, saboda haka sai an sake duba shi bayan aikin yini ɗaya ko biyu.

Kafin a ɗora zarto, wajibi ne a kunna moton a ga inda yake juyawa. Haƙoran zarto ƙasa suke tafiya, su danna katako a kan tebur. Idan juyin ya saɓa, a moto mai layi uku musanya wayoyi biyu ya wadatar. A mai layi ɗaya kuwa sai an juya wayoyin naɗin tashi, kuma akwai waɗanda aka rufe mahaɗinsu a ciki yadda ba sa juyuwa. Irin waɗannan sai dai a juya mazauninsu zuwa ɗaya gefen, abin da ya sa ya fi kyau a san inda moto ke juyawa tun kafin a yi waldar farantinsa.

Matsalar Wuta

Ko an ɗora moto yadda ya kamata, halin wutar lantarki a ƙasar nan na iya kashe shi. Tun zamanin hukumar NEPA da aka kafa a 1972, zuwa PHCN da ta gaje ta a 2005, har zuwa miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, masu ƙananan masana'antu sun saba da ɗaukewar wuta da kuma zuwanta ba ƙarfi. Raunin wuta ya fi ɗaukewarta illa ga moto, domin idan ƙarfinta ya ragu, moton kan ja amfiya fiye da ƙa'ida don ya riƙe aikinsa, wayarsa ta yi zafi. Moto mai layi ɗaya kuma, idan bai kai cikakken gudu ba, makunnin da ke cire naɗin tashi ba ya buɗewa, kuma cikin ɗan lokaci naɗin ko kafasita ya ƙone. Sanannen abu ne a wurin injiniyoyi cewa kowane ƙarin zafi na digiri goma a kan abin da aka ƙayyade yana rage rayuwar rufin wayar moto da rabi. Tun da yake yawancin motoci an auna su ne a kan yanayin da bai wuce digiri 40 ba, masu aiki a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara kan zarce haka, sun fi kowa buƙatar kula da iskar da moto ke sha.

A lokacin tashi, moto yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci yayin aiki. Wannan ne ya sa janareton da ƙarfinsa ya yi daidai da na moto a rubuce ba ya iya tayar da shi. Akan nemi wanda ya ninka shi sau biyu zuwa uku. Wayar da za ta kai masa wuta ita ma kada ta gaza milimita biyu da rabi ga moto mai doki ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma idan tazarar na da nisa sai a ƙara kauri.

Akwai na'urori uku da bai kamata a yi tsimi a kansu ba. Ta farko makunni mai maganaɗisu, wanda ke sakin kansa da zarar wuta ta ɗauke, ba ya kuma komawa sai an sake danna shi. A ƙasar da wuta kan tafi ta dawo ba sanarwa, makunni na gama-gari tarko ne, domin injin zai tashi da kansa a lokacin da wataƙila yaron shago ke share dusa kusa da zarto. Ta biyu na'urar katse wuta idan moto ya ja fiye da ƙima, wadda ake saita ta daidai da amfiyar da ke rubuce a allonsa. Ta uku wayar ƙasa, wadda ake ɗaurawa a jikin moto da gangar injin, domin kada ƙarfen ya ɗauki wuta ya kama mutum. Kuɗin waɗannan uku a haɗe bai kai na naɗa wayar moto sau ɗaya da asarar kwanakin da shago zai yi a rufe ba.

Ɗan kasuwa yana kuma bukatar sanin abin da injin zai ci masa. Moto mai doki ɗaya da rabi yana jan kimanin kilowat ɗaya da rabi idan yana cikin cikakken aiki, watau yunit tara a aikin sa'o'i shida. A farashin naira 225 kan kowane yunit da hukumar kula da harkar lantarki ta NERC ta sanya wa masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, wannan ya kama naira 2,025 a yini. Ga mai dogara da janareton fetur kuwa, kuɗin ya fi haka nesa tun bayan janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. Bel mai zamewa, da fulin da bai daidaita ba, da dakusasshen zarto, duk suna ƙara wannan kuɗi ba tare da sun ƙara ko falanki ɗaya ba.

Doka Da Lafiyar Ma'aikata

Dokar masana'antu ta shekarar 1987 ta wajabta killace sassan injuna masu juyawa da ke iya jawo rauni, kuma ba ta bambanta injin da aka shigo da shi daga waje da wanda aka ƙera a bayan kasuwa ba. Bel da fuli da aka bari a buɗe suna iya fizgar hannun riga ko gefen babbar riga cikin ƙiftawar ido. Murfin kwano ko na raga da za a iya cirewa da noti biyu ya isa ya kawar da wannan hatsari, haka kuma ya kamata a rufe wilin biyu, domin zarton da ya tsinke yakan fito da ƙarfi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ita ma ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata nauyin biyan gudummawa ga asusun NSITF saboda raunin da kan auku a wurin aiki. Ga mai ƙaramin shago, yatsun ƙwararren ma'aikaci jari ne da ba a saye a kasuwa.

Abin Da Ya Rage

Nijeriya ba ta rasa cibiyoyin da aka kafa don bunƙasa ƙere-ƙeren cikin gida ba. Akwai cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO a Oshodi wadda ta samo asali tun 1956, da PRODA a Inugu da aka kafa jim kaɗan bayan yaƙin basasa, da asusun horar da ma'aikata na ITF na 1971, da hukumar NASENI ta 1992, sa'an nan ga hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan masana'antu da kuma Bankin Masana'antu. Abin da maƙerin kasuwa ke buƙata daga irin waɗannan hukumomi bai taka kara ya karya ba: takardar lissafin fuli da gudu cikin harshen da yake karantawa, gajeren horo a kan haɗa wutar moto, da rance mai sauƙi da zai ba shi damar sayen moto mai inganci maimakon wanda aka sha naɗawa. Ƙungiyoyin kafintoci da na masu walda, waɗanda ke da rassa a kusan kowace babbar kasuwa, su ne hanya mafi kusa ta isar da wannan ilmi.

Ga ɗan kasuwar da ke shirin ba da kwangilar ƙera masa inji kuwa, shawarar ita ce ya fara sayen moto kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, ya sa a gwada shi a gabansa na aƙalla rabin sa'a a ji ƙararsa a kuma taɓa zafinsa, sa'an nan a yi lissafin fuli a rubuce bisa girman wilin da aka amince a kai. Ya kuma sanya cikin yarjejeniya cewa mazaunin moto zai kasance mai matsawa, da murfin bel, da makunni mai maganaɗisu, kuma ba zai biya cikon kuɗi ba sai an tsaga katako mai kauri a gabansa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan sana'a abin da aka yi tsiminsa ranar ɗora moto shi ake biya ninki-ninki a wurin masu naɗin waya.